Tun Ran Gini Ran Zane: Minti Nawa Ginshiƙinka Zai Jure Wuta?

Bayan wata gobara da ta cinye jerin shaguna a wata kasuwa, wani ɗan kasuwa ya kira ni in duba masa benensa. Kaya sun ƙone ƙurmus, amma gini na tsaye. Ya ce da ni, "Injiniya, ai ka ga ginin ko gezau bai yi ba. A yi filasta, a shafa fenti, mu koma bakin sana'a." Na kankare baƙin hayaƙin da ke jikin ginshiƙin tsakiya, wanda magina ke kira fila, sai na ga kankaren ya koma jaja-jaja. Na ƙwanƙwasa shi da guduma, ya yi ƙara irin ta tsagaggen tulu. Na ce, "Alhaji, wannan ginshiƙi tsayuwar kunya yake yi."

Akasarinmu mun ɗauka tunda kankare ba ya kamawa da wuta, to wuta ba ta iya yi masa komai. Gaskiya ne ba ya ci, amma yana gajiya. Da zafi ya kai digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, ruwan da ke cikinsa zai fara zama tururi. A wajen digiri 300 ne launinsa kan koma ja idan tsakuwarsa na da sinadarin ƙarfe, daga nan ƙarfinsa ya fara zubewa sosai. Shi kuwa rodi, yana riƙe ƙarfinsa har wajen digiri 400, amma a digiri 600 bai fi rabin ƙarfin ya rage masa ba. Wani lokaci tururin da ya rasa mafita yakan ɓalle ɓawon kankaren da ƙara, ya bar rodi tsirara a gaban wuta. Idan gobara ta lafa, rodi kan dawo da mafi yawan ƙarfinsa in bai sha zafi ainun ba. Kankare ba ya dawowa.

Wanda ke shakka ya tuna da ginin tsangayar zanen gine-gine ta Jami'ar Delft a ƙasar Holan. A watan Mayun 2008 wuta ta tashi daga injin sayar da gahawa, ta yi sa'o'i tana ci, ƙarshe wani sashe na wannan dogon bene na kankare da rodi ya rufta. Allah Ya sa an riga an kwashe mutane.

To, tambayar da masana suka daɗe suna yi ita ce: minti nawa ginshiƙi zai ci gaba da ɗaukar nauyinsa wuta na cin sa? Wannan ba duba ba ne, lissafi ne, kuma hanyoyinsa uku.

Ta farko gwaji. A gina ginshiƙi na gaske, a sa shi cikin ƙaton murhu, a danna masa nauyi, a hura wuta bisa ƙa'idar ISO 834, wadda zafinta ke kaiwa kimanin digiri 840 cikin minti 30, ya kai 945 cikin sa'a guda. Lokacin da ya durƙushe shi ne makinsa. Cibiyar Bincike ta Ƙasa ta Kanada na cikin waɗanda suka yi fice a wannan gwaji, sai dai yana da tsada matuƙa.

Ta biyu jadawali da lissafi, waɗanda aka tato daga irin waɗancan gwaje-gwaje. Ƙa'idar Ingila ta BS 8110, wadda injiniyoyinmu da dama ke aiki da ita har yau, ta ce ginshiƙin da wuta za ta kewaye yana buƙatar kaurin milimita 200 domin jure sa'a ɗaya, 300 domin sa'a biyu, 450 domin sa'a huɗu. Ƙa'idar Turai ta Eurocode 2 kuma ta ba da wata dabara: a lissafa zurfin da zafin digiri 500 ya kai cikin kankare, a ɗauka duk wannan ɓawo ya mutu, sannan a duba ko abin da ya rage zai ɗauki nauyin.

Ta uku kwamfuta, wadda ke kwaikwayon yadda zafi ke ratsa ginshiƙi minti bayan minti. A 'yan shekarun nan ma ana horar da ƙirƙirarriyar basira da sakamakon tsofaffin gwaje-gwaje domin ta yi hasashen.

Duk hanyar da aka bi, abubuwan da ke yanke hukunci ba su canzawa: kaurin ginshiƙi, tsawonsa, nauyin da ke kansa, ingancin kankare, da kaurin kankaren da ya lulluɓe rodi.

A nan gizo ke saƙar. Filar da muka saba zubawa mai inci 9 ce, wato milimita 225. A takarda, ta sa'a ɗaya ce. Amma gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta laƙume dubban shaguna, sa'o'i ta yi tana ci. Kasuwanninmu cike suke da atamfa, katifa, roba da man janareta. Sannan wannan sa'a ɗaya ma sai an cika sharuɗɗanta. Na sha ganin rodi manne da katakon zubi, domin an ƙi sa 'yan dunƙulen simintin nan da ake kira biskit, waɗanda ke ba shi tazara. Na sha ganin an cika ruwa a kwaɓi domin sauƙin ɗauka a kwanon sarki. Na ga benen da aka zana hawa biyu, aka ɗora masa na uku, aka mai da shi rumbun ajiya. Babu kwamfutar da za ta yi hasashen gaskiya a kan ginin da bai bi zanensa ba.

Saboda haka kirana uku ne. Mai gini ya tambayi injiniyansa minti nawa ginshiƙansa za su jure, ya nemi a rubuta amsar a jikin zane. Hukumomin tsara birane su mai da wannan adadi sharaɗi ga kasuwa, asibiti da ɗakin kwanan ɗalibai. Bayan gobara kuma, kada a bar kowa ya koma sai an ɗebi samfurin kankaren an gwada. Minti sittin ko casa'in ɗin nan su ne lokacin da mai shago ke da shi na fita, su ne kuma lokacin da ɗan kwana-kwana ke da shi a ƙarƙashin rufin.

Alhaji bai ji daɗin maganata ba, amma ya yarda aka tokare benen, aka sassaƙe mataccen kankaren, aka ƙara wa ginshiƙan rodi da sabon zubi. Kuɗin da ya kashe ya ninka abin da biskit da ƙarin inci uku za su ci masa a ranar zubin farko sau da yawa.