Waya Mai Sulke: Ƙaramar Aba Mai Tsaron Manyan Injuna

Na ga ya kamata in yi muku bayani a kan wata irin waya da ake aiki da ita a masana'antu. Ba ta fi kaurin fensir ba, amma lafiyar manyan injuna da rayukan ma'aikata suna rataye a wuyanta.

Kowa ya sani duk injin da ke juyawa yana jijjiga. Idan yana da lafiya jijjigar kaɗan ce. Amma da zarar boris ya fara ci, ko wani noti ya saki, sai ta ƙaru. Gogaggen makanike yakan ɗora hannu ya gane haka. To, amma manyan injuna irin na masana'antar siminti ko na madatsar ruwan Kainji sun fi ƙarfin hannu. Kuma sakaci da su ba wasa ba ne. A watan Agusta na 2009, a madatsar Sayano-Shushenskaya ta ƙasar Rasha, wani inji da ya daɗe yana jijjiga fiye da kima ya tsinke ƙusoshinsa, ruwa ya kwararo ciki, mutum 75 suka rasu.

Saboda haka ne ake ɗaura wa inji wata 'yar na'ura wadda zan kira kunnen inji. A cikinta akwai wani ɗan dutse ko tangaran na musamman, wanda in an matsa shi sai ya fid da lantarki. Wasu Faransawa biyu, wa da ƙane, Jak da Piyer Kuri, su suka gano wannan a 1880. Duk lokacin da inji ya girgiza, sai kunnen ya aika da saƙon lantarki ta waya zuwa ɗakin da injiniyoyi ke dubawa.

A nan matsalar take. Saƙon nan ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Batirin tocila yana ba da volt 1.5, amma sau da yawa abin da kunnen ke aikawa bai kai kashi ɗaya cikin goma na volt ba. Ga shi kuma zai ratsa ta kusa da manyan wayoyi masu ɗauke da kimanin volt 400. Waɗannan wayoyi kuwa ba sa barin maƙwabtansu lafiya, ko da ba su taɓa su ba, sukan cusa musu wani lantarki na banza. Misalinsa kamar mai raɗa ne a tsakiyar kasuwar Kurmi. Duk wanda ya taɓa jin lasifikar makaranta tana ƙugi ranar taro, to, ya ji irin wannan kutse da kunnensa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda kutsen ke iya yin ƙarya. Lantarkin ƙasarmu yana kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Akwai kuma injuna da yawa masu juyi kusan sau 3,000 a minti, wato kusan sau 50 a daƙiƙa. Ke nan ƙugin lantarki yana iya kama da ciwon inji. Sai a tsai da lafiyayyen inji a yi asarar aiki. Mafi muni, in ƙaryar ta yi yawa sai ma'aikata su daina kulawa, ranar da gaskiya ta zo ba mai saurare.

Maganin wannan shi ne a sa wa waya sulke, kamar yadda mayaƙan dā suke sa wa jikinsu. Idan aka fere irin wannan waya, daga waje za a ga rigar roba mai jure mai da zafi. Ƙarƙashinta akwai saƙa ta siraran zaren jan ƙarfe, wani lokaci da fallen alminiyam. Wannan shi ne sulken. Can ciki kuma ga 'yan wayoyi biyu an tufke su kamar igiya, su ne masu ɗauke da saƙon.

Hikimar sulke ta samo asali ne daga wani Bature ɗan Ingila, Maikel Farade. A 1836 ya rufe wani ɗaki da ƙarfe, aka yi ta sakar masa lantarki daga waje, amma bai shiga ciki ba. Haka sulken waya yake tare lantarkin banza, ya bi da shi zuwa ƙasa. Ita kuwa tufkar, maganin ƙarfin maganaɗisu ce, wanda sulke ba ya tarewa sosai. Abin da ya shiga a murɗa ta farko, murɗa ta biyu sai ta soke shi.

Sai dai sayen waya mai kyau bai isa ba, sai an iya sa ta. A bisa al'ada, gefe ɗaya kawai na sulken ake haɗawa da ƙasa. In aka haɗa duka biyun, lantarki yakan sami hanyar zagayawa ta cikin sulken, mai gadi ya koma ɓarawo. Kuma ba a jera ta a kwata ɗaya da manyan wayoyi. In dole ne su haɗu, sai ta gitta su. Sannan a ɗaure ta tam, don in tana lilo za ta gaji ta tsinke, ko ta goge da ƙarfe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wanda ke son gani da idonsa, ya nemi tsohuwar wayar eriyar talabijin wadda aka jefar, ya fere ta, zai ga irin wannan saƙa. Ina kira ga 'yan'uwana masu sha'awar aikin injiniya da mu riƙa kula da ƙananan abubuwa tun yanzu, domin ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.