Shiri na Musamman: Idan Tsoro Ya Zama Ciwo

(Kiɗan buɗe shiri)

  Yau za mu duba wani ciwo da ba ya sa zazzaɓi, ba a kuma ganinsa a gwajin jini, amma yana hana mai juna biyu zuwa awo, ya hana dattijo hawa jirgi zuwa aikin hajji. Ciwon shi ne matsanancin tsoron wani abu takamaimai, wanda likitoci ke kira fobiya. Sai ku gyara zama.

(Kiɗa)

Tsoro a karan kansa baiwa ce daga Allah, shi ke sa mutum ya ja da baya daga bakin rijiya. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai suna amigdala, wanda da zarar ya hango haɗari sai ya sa jiki ya saki sinadarin adirenalin. Nan take zuciya ta hau dukan uku-uku, gumi ya karyo, numfashi ya koma sama-sama, jiki ya yi shirin gudu. Ga mai fobiya, duk wannan yana faruwa ne a kan abin da bai kai ya kawo ba: kyankyaso, tsaka, kyanwa, hawa bene, tsawa, ɗaki a rufe, ko tsinin allura. Likita yakan kira shi ciwo idan tsoron ya zarce haɗarin da ke akwai, ya kai wata shida ko fiye, kuma ya shiga tsakanin mutum da harkokinsa.

Masu fama da shi ba kaɗan ba ne. Wani babban bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya shafi ƙasashe 22, ya gano cewa fiye da mutum bakwai cikin ɗari sun taɓa fama da irin wannan tsoro a rayuwarsu. Ya fi bayyana ga mata, kuma yawanci tun ana yara yake farawa.

Daga ina yake zuwa? Wani lokaci daga abin da ya taɓa samun mutum ne. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Wani lokaci kuma gani ne ke haifar da shi. A shekarun 1980, masaniya Susan Mineka ta Amurka ta nuna cewa birai da aka haifa a ɗakin bincike ba su damu da maciji ba, amma da suka ga wasu birai suna firgita da shi, sai su ma suka kamu da tsoron. Akwai kuma rabon gado. Sannan akwai abin da bakinmu ke shukawa. Iyaye, duk lokacin da kuka ce wa yaro ya yi shiru ko a kira mai allura, kuna koya masa cewa asibiti wurin horo ne. Wata rana shi ne zai ƙi gwajin jini, ko ya guje wa allurar insulin alhali ciwon sukari na cin sa.

(Kiɗa)

Masu sauraro, ga abin da ya fi muhimmanci a shirin nan: gudu ne ke raya wannan tsoro. Duk sadda mutum ya kauce wa abin da yake tsoro, hankalinsa yakan kwanta nan da nan, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka cewa gudun ne ya cece shi. Gobe tsoron sai ya ƙaru. Don haka maganin da ya fi inganci shi ne kusantar abin, mataki-mataki, da yardar mai shi.

An daɗe da gano haka. A 1924, masaniya Mary Cover Jones ta yi aiki da wani yaro ɗan kusan shekara uku mai tsoron zomo. Yana cin abincin da yake so, sai a ajiye zomon cikin keji daga nesa, kullum ana ɗan matso da shi, har yaron ya kai ga shafa shi da hannunsa. A shekarun 1950, likita Joseph Wolpe na Afirka ta Kudu ya tsara hanyar, ya haɗa ta da koyon sassauta jiki. Daga baya masani Lars-Göran Öst na Suwidin ya nuna cewa zama guda na kimanin awa uku tare da ƙwararre yakan wadatar wa mutane da yawa.

Mu ɗauki mai tsoron allura. Yau zai kalli hotonta, ya ci gaba da kallo har bugun zuciyarsa ya lafa. Gaba ya riƙe sirinji marar tsini. Gaba ya zauna a ɗakin allura, sannan ya kalli ana yi wa wani, a ƙarshe ya miƙa nasa hannun. Ba a tsallake mataki, ba a kuma tashi tsoro na kan ganiyarsa. Wannan ya sha bamban da tura yaro cikin ruwa wai don ya saba, ko jefa wa yarinya ƙadangare ana dariya. Tilas da ba'a ƙara ciwon suke yi.

Tsoron jini da allura yana da wani hali nasa: jinin mutum yakan sauka farat ɗaya, jiri ya ɗebe shi, har ya suma. Irin waɗannan ana koya musu ɗaure tsokar hannuwa da ƙafafu da ta ciki na kamar daƙiƙa 15, su saki, su maimaita sau biyar, don jinin ya ɗaga. Mai hawan jini ya tuntuɓi likita kafin ya gwada.

(Kiɗa)

To, ina matsayin magungunan gida? Akwai masu taimakawa. Ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida. Wannan yana rage gudun zuciya. Tafiyar ƙafa kullum da isasshen barci suna rage fargaba. A rage goro, kofi da shayi mai kauri, domin sinadarin kafeyin da ke cikinsu yana sa faɗuwar gaba da rawar hannu. Addu'a da zikiri suna sanyaya zuciya, kuma neman magani ba ya cin karo da tawakkali. Ganye irin su kamomil da labanda, bincike ya nuna suna ɗan sassauta damuwa ta yau da kullum, sai dai ba sa koya wa ƙwaƙwalwa daina tsoron kare ko jirgi. Kuma ba kowane ganye ne lafiya lau ba. Tsiron kaba na tsibiran tekun Fasifik an danganta shi da lalacewar hanta, shi kuwa St John's wort yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa da na cutar ƙanjamau. Duk abin da kake sha, ka faɗa wa likita.

Babban gargaɗi shi ne kan ƙwayoyi. Sayen Valium a kemis ba da izinin likita ba, ko shan tiramadol don a cire tsoro, ƙofar shaye-shaye ce, tsoron kuma yana nan.

Mai neman taimako zai iya farawa daga asibitin da ke kusa da shi, ya nemi a haɗa shi da masanin halayyar ɗan'adam. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zuwa can ba hauka ba ne. Maza musamman, kada gudun a kira ku ragwaye ya sa ku yi ta ɓoye abin da ke da magani. 'Yan uwa kuma, in wani ya faɗa muku tsoronsa, ku saurare shi, ku raka shi asibiti.

A nan za mu dasa aya.  Sai mako mai zuwa idan Mai duka Ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)