Shirun Mai Rarrafe da Fitilar Dogo

Duk macen da ta yi raino ta san wannan. Tana madafi tana tuƙa tuwo, ba ta ganin yaron, amma kunnenta na tsakar gida. Muddin tana jin ƙwaramniyarsa, yana buga murfin kwano yana gwaranci, hankalinta a kwance yake. Da zarar wurin ya yi tsit sai ta ajiye muciya ta leƙa, don shirun mai rarrafe ba alheri ba ne: ko ya nufi bakin rijiya, ko ya tsinci wani abu ya kai baki.

A kan irin wannan sauraron aka gina jar fitilar nan mai ƙiftawa da ake kafawa inda titi ya ƙetare layin dogo. Dabarar gane zuwan jirgin wani Ba'amurke ne, William Robinson, ya fito da ita a 1872. Ana keɓe wani ɓangare na dogon da abin da wuta ba ta ratsawa, a sa batir a wannan ƙarshen, a wancan kuma a sa makunni mai maganaɗisu, irin wanda masu wayarin mota ke kira rile. 'Yar wuta kaɗan ke bin ƙarafan dogon biyu dare da rana, ita ce ke riƙe da makunnin. Ƙwaramniyar yaron ke nan. Jirgi na shigowa, ƙafafunsa da sandar da ta haɗa su sai su zame wa wutar gajeriyar hanya, ta daina isa ga makunnin, ya saki. Nan take fitilu biyu su kama aiki, wannan ta kawo waccan ta ɗauke, ƙararrawa na kaɗawa. A Amurka doka ta ce gargaɗin ya fara aƙalla daƙiƙa 20 kafin jirgi ya iso.

Abin da ya fi kama hankalina shi ne, ko waya ce ta tsinke, ko dogon ya karye, ko ɓarawo ya kwance wani yanki, wutar za ta yanke, fitilu su kama, don suna da nasu batirin daban. Na'urar idan ta lalace ba ta cewa lafiya lau. Gara ta tsayar da mai a-kori-kura a banza da ta bar shi ya shiga gaban jirgi.

Mu nan zancen ya shafe mu. Layin da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, an shimfiɗa shi ne don kwasar auduga da gyaɗa. Manomin Malumfashi da Bakori da Ƙafur bai ga dogo a ƙofar gidansa ba, amma amfanin gonarsa ta nan yake bi. Yanzu da aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtua a 2024, kowa na fatan taragu su dawo da yawa. To amma da yake layin ya daɗe bai ga jirgi ba, an samu tsara guda da ta tashi tana ƙetare dogo ba tare da waiwaye ba, 'yan acaɓa, masu amalanken shanu, yara 'yan makaranta. Jirgi mai kaya kuwa ba ya tsayawa inda direba ya taka birki. A ranar 9 ga Maris 2023 jirgi ya yi awon gaba da bas ɗin ma'aikata a Ikeja, mutum 6 suka rasu.

Kuma layin da ya daɗe bai ga jirgi ba yana da tasa illar. Tsatsa da ƙasa kan rufe saman ƙarfen, ƙafar jirgi ta hau amma wuta ba ta ratsa ba, makunni ya ci gaba da riƙewa. Kamar uwar ce tana jin surutun ɗan maƙwabta ta kan katanga, ta ɗauka nata ne. Shi ya sa a irin layinmu fitila kaɗai ba za ta wadatar ba, sai da mai tuta da shinge, sai kuma an riƙa goge dogon ana gwadawa.

Ana iya koyon wannan dabarar a ƙaramin samfuri: a Turai da Amurka akwai masu sha'awar harhaɗa ƙananan jiragen ƙasa na wasa a kan tebur, da gari da titi da komai, har da fitilar mahaɗa. A tsarin zamani mai suna DCC wuta ba ta barin dogon, a cikinta ake aika umarni ga kowane kan jirgi da lambarsa. Don haka ba a iya haɗe ƙarafan biyu, komai zai mutu. Sai a sa na'urar da ke jin an ja wuta a wani yanki. Kan jirgi yana ja, tarago ba ya ja, sai ka ga fitila ta ɗauke alhali wutsiyar jirgin na kan titi. Maganinsa ɗan resista, irin na masu gyaran rediyo, a manna tsakanin ƙafafun tarago. Akan raba wurin uku: yankin tunkara ta kowane ɓangare, da tsakiya inda titin yake.

Ina son ganin irin wannan teburin a makarantun koyon sana'a na Funtua da Malumfashi, ko da da falanki da waya za a yi shi. Sai dai malam ya faɗa wa yara gaskiya: wannan ƙaramin kuka yake jira, ba shiru ba, wayarsa na tsinkewa zai yi mukus kamar babu abin da ya faru. Aikin da ya kamata a ba ɗalibi shi ne ya juya wayarin, wuta ta riƙe makunni a ko yaushe. Ranar jarrabawa malam ya zo ya fizge waya ɗaya, wadda ya ga dama. In fitilu biyun suka kama ƙiftawa, yaro ya ci.