Idan Maigida Ya Kamu da Shan Giya, Ki Kula da Taki Lafiyar

'Yar'uwa, kina zaune a rumfarki a Suk al-Shabi, ta Khartum ko ta Omdurman, hannu na ƙirga canji, hankali kuwa yana gida: yau da wane hali zai dawo? Faɗuwar gaba, rashin barci, ciwon kai da saurin fushi da yara duk alamun fargaba ne, kuma fargaba tana da magani.

Tun 1983 aka haramta wa Musulmi giya a Sudan, amma aragin da ake dafawa da dabino a ɓoye bai gushe ba. Tsoron hukuma da gudun abin kunya kan sa mace ta haɗiye damuwarta shekara da shekaru. Ki sani cewa kamuwa da giya cuta ce mai sauya aikin ƙwaƙwalwa. Ba ke kika jawo ta ba. Zubar da kwalba da laluben aljihu ba sa warkar da ita, gajiya kawai suke ƙara miki.

Ki tsare abin da ke hannunki. Ki ware jarinki da kuɗin cefane, ki riƙe lambar sirrin Bankak ɗinki, ki ci gaba da zubin adashi. Zance mai nauyi ki bar shi sai da safe, lokacin da yake cikin hayyacinsa. Idan ƙirji ya ɗaure, ki zauna, ki shaƙi iska kina ƙirga 4, ki fitar a hankali kina ƙirga 6, har minti 5. Jan numfashi irin wannan yana sassauta bugun zuciya.

Ki zaɓi mutum guda mai riƙe amana, yaya ko gwaggo ko ma'aikaciyar lafiya, ki faɗa mata gaskiya. Idan da duka ko barazana, haƙuri bai wajaba a nan ba: ki san tun yanzu gidan da za ki kwana da yara.

Kada ki matsa masa ya daina farat ɗaya ba tare da likita ba. Wanda ya daɗe yana sha yana iya kamuwa da karkarwa, farfaɗiya ko gane-gane cikin kwana 3 na farko, kuma hakan na iya kisa. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya tsayar da asibitoci da dama, saboda haka ki tambayi cibiyar lafiya mafi kusa inda ake ganin likitan ƙwaƙwalwa yanzu. Idan ke ma rashin barcin ya wuce mako 2, ki nemi a duba ki.