Wa ke riƙe da hatimin ofis?

A yawancin manyan ofisoshi akwai wata kwamfuta da ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci, da sashensa, da abin da aka yarje masa ya taɓa. Galibi manhajar da ke wannan aiki ita ce Active Directory, wadda kamfanin Microsoft ya fitar tare da Windows 2000. Da safe ma'aikaci zai shigar da kalmar sirrinsa, a ba shi tikiti ta tsarin Kerberos da aka ƙera a jami'ar MIT cikin shekarun 1980, da tikitin nan yake buɗe fayil da firinta har ya tashi.

Rigima ta kunno kai ne da ofisoshi suka fara hayar manhajoji ta intanet, irin su Microsoft 365 da Salesforce. Tikitin cikin gida ba ya cin kasuwa a waje, sai kowace manhaja ta nemi tata kalmar sirri. Mutane suka koma rubuta su a takarda suna liƙawa a jikin allon kwamfuta.

Mafita ita ce a shiga sau ɗaya, kowa ya yarda. Ƙa'idar SAML 2.0 ta 2005, da OpenID Connect ta 2014, duk a kan tunani guda suke: manhajar waje ba ta tambayar kalmar sirri, tana tura mutum gida ne a tantance shi, ya dawo da shaida mai sa hannun lantarki. Tamkar wasiƙar sarki ce, hakimi ba ya tambayar ɗan aike ko waye, hatimi yake dubawa.

Wasu ofisoshi suna kafa manhajar AD FS ta Microsoft a cikin gida ta riƙa buga wannan hatimi. Wasu kuwa suna amfani da Entra Connect, wanda ke kwafar sunaye daga Active Directory zuwa Entra ID, tsarin tantancewa na Microsoft da ke intanet, duk minti 30, ya kuma aika murɗaɗɗen sawun kalmar sirri, ba ita kanta ba. Babban amfanin, a ganina, ranar sallamar ma'aikaci ake ganinsa: a rufe asusu ɗaya, sauran ƙofofi su bi baya, ko da yake shaidar da ya riga ya karɓa kan ci gaba da aiki na ɗan lokaci.

Amma hatimin fa? A 2017 masu bincike a kamfanin CyberArk suka nuna cewa duk wanda ya sace mabuɗin sa hannu na AD FS zai iya ƙirƙiro shaida da sunan kowa, har shugaban ma'aikata, ba tare da kalmar sirri ba. Abin da ya faru ke nan a kutsen da aka yi ta manhajar kamfanin SolarWinds, da aka gano a Disambar 2020, wanda ya shafi ma'aikatar baitulmali da ta kasuwanci ta Amurka. Canza kalmar sirri ba ya maganin wannan, dole sai an sauya mabuɗin.

Tun daga nan Microsoft ke kwaɗaitar da mutane su bar AD FS, su miƙa masa aikin tantancewa. Shawarar tana da ma'ana ga ofishin da ba shi da ƙwararrun tsaro. Sai dai a 2023 wasu maharan da kamfanin ya danganta da Sin sun samu wani mabuɗin sa hannu na Microsoft ɗin kansa, suka karanta wasiƙun imel na ma'aikatar harkokin wajen Amurka da shi.