Sanƙarau: yadda ƙwayar da ke zaune lafiya a maƙogwaro take juyewa ta yi kisa

Hunturu ya kama, ƙura ta fara rufe bakin kogin Kwara tun daga Madekali har Malanbil da Gaya. Daga watan Disamba zuwa Yuni lokacin sanƙarau ne a nan, domin arewacin Benin na cikin zirin ƙasashe 26, daga Senegal zuwa Habasha, inda cutar ta fi yin ɓarna a duniya. Iyaye kan tambaye mu: ta yaya yaro zai kamu alhali bai kusanci wani mara lafiya ba? Amsar tana cikin halin ƙwayar cutar kanta.

Tana zaune a jikin masu lafiya

Ƙwayar da ta fi kawo annobar sanƙarau, wadda likitoci ke kira meningokok, ba ta zama a ruwa ko a jikin dabba. Gidanta shi ne bayan hanci da maƙogwaron ɗan Adam. Kusan mutum ɗaya cikin goma yana ɗauke da ita, yana cikin ƙoshin lafiya, bai ma sani ba. Ta tari da atishawa da yawu take tsallakawa zuwa wani. Saboda haka babu dalilin zargin maƙwabci, ko tsangwamar waɗanda suka iso sansani kwanan nan.

Me ke sa ta juya?

Kowace halitta tana ɗauke da umarnin da ta gada, wanda masana ke kira ƙwayoyin gado. Ba dukansu ke aiki lokaci guda ba. Ƙwayar cutar tana kunna wasu, tana kashe wasu, gwargwadon wurin da ta sami kanta.

Babban makaminta wata riga ce mai santsi da take lulluɓe kanta da ita. Wanda ya taɓa kama tarwaɗa da hannu ya san aikin santsi. Haka ƙwayar take suɓuce wa sojojin jini masu kare jiki. Idan tana son manne wa bangon maƙogwaro, sai ta rage rigar ta zauna shiru. A cikin jini kuwa ba ta iya rayuwa sai da rigar.

A shekarar 2013 masu bincike a Jami'ar Oxford ta Ingila sun gano ɗaya daga cikin mabuɗan wannan riga, wato zafi. Umarnin ɗinka rigar a naɗe yake, kamar takardar da aka ninke. Cikin hanci ya ɗan fi cikin jiki sanyi, don haka takardar ba ta buɗewa sosai. Da zafi ya ƙaru, kamar lokacin zazzaɓin mura, sai ta warware, ƙwayar ta ƙara kaurin rigarta. Akwai kuma mabuɗi na biyu. Jikinmu yana ɓoye sinadarin ƙarfe don kada ƙwayoyin cuta su samu. Idan ƙwayar ta ji ƙarancinsa, sai ta kunna umarnin ƙwato shi daga jini.

Duk da haka sai ta sami ƙofa. Busasshiyar iska da ƙura suna tsattsage laushin fatar cikin hanci, hayaƙin itace da na taba da mura suna ƙara raunata ta. In ƙwayar ta kutsa cikin jini, tana iya kaiwa ga tantanin da ya rufe ƙwaƙwalwa da lakar baya, ya kumbura. Yawancin masu mura ba sa kamuwa. Amma inda mutane da yawa ke kwana a tanti ɗaya, ƙwayar tana yawo da sauri har ta faɗa wa wanda jikinsa bai san ta ba, galibi yara da matasa.

Rigakafi yana koya wa jiki gane rigar

Rigar iri-iri ce, ana kiranta da haruffa: A, C, W, X, Y. Nau'in A ne ya haddasa annobar 1996 zuwa 1997, wadda ta kama mutum sama da 250,000 a Afirka, ta kashe kusan 25,000. A 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar. Ta iso Benin a 2012, kuma a Banikoara, nan cikin jiharmu ta Alibori, aka fara kai ta ƙauyuka ba tare da ƙanƙara ba. Nau'in A ya kusan ɓacewa. Sai nau'in C ya taso a Nijar a 2015, sannan a Zamfara da Sakkwato a 2017. Ke nan wanda aka yi wa allurar A bai tsira daga sauran ba. A 2024 Najeriya da Nijar sun fara amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar. Idan an yi shelar rigakafi, mu fito, mu riƙo katin yara in yana nan. Wanda katinsa ya ɓace a hanya shi ma ya zo.

Abin da za mu yi a tantunanmu

Mu buɗe tanti da rana iska ta ratsa. Mu dafa abinci a waje, nesa da wurin kwanan yara. Mu rufe hanci da mayafi ko rawani in ƙura ta taso, mu sha ruwa sosai. Mu rufe baki in za mu yi tari, kada kuma yara su yi tarayya da mai mura a kofi ɗaya.

Alamun da ba a kwana da su

Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske, ruɗewa ko farfaɗiya. Ga jariri: kumburin maɗiga, ƙin nono, kuka mara tsayawa, ko barcin da ba a iya tashinsa.

Sanƙarau na iya kisa cikin awa 24. In ba magani, har rabin waɗanda suka kamu na iya mutuwa, wasu da suka tashi kuma su kurumce. Amma akwai allurar da ke kashe ƙwayar in an fara da wuri. Kada mu tsaya yin tsaga ko ƙaho, kada mu ce shawara ce ko zazzaɓin sauro mu jira gari ya waye. A ɗauki mara lafiya zuwa wurin ma'aikatan lafiya nan take, ko da tsakar dare ne, a kuma faɗa musu su wa ke kwana tare da shi.