Sata a Jini Take?



Mu tsaya a bakin babbar kasuwar Maradi. An kama yaro da salular wani a aljihu, an rufe shi da duka. Kafin ƴan sanda su iso, wani dattijo ya riga ya yanke hukunci: "Ai gado ne, ubansa ma haka ya yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Kowa ya gyaɗa kai.

Abin da Baba bai sani ba, maganar nan tasa ta taɓa zama darasin jami'a a Turai. A 1876 wani likitan Italiya, Cesare Lombroso, ya fitar da littafi yana cewa akwai mutanen da da laifi aka haife su, kuma a jiki ake gane su. Mafarin abin ƙoƙon kan wani fursuna ne, Giuseppe Villella, mutumin Kalabiriya. Likita ya ga wani ɗan rami ta wajen ƙeya, ya ce ga shaidar mutumin da ya koma halin dabba. Daga nan ya bi gidajen kaso da ma'auni, yana lissafa alamun mugu: babban muƙamuƙi, kunnuwa fato-fato, dogayen hannuwa. Jama'a, da haka ne, ai da rabin ƴan kokawarmu suna ɗaure!

Wani likitan gidan kaso a Ingila, Charles Goring, ya ce bari a gwada. Ya auna fursunoni wajen 3,000, ya kwatanta su da sojoji da ɗaliban jami'a. A 1913 ya fito da sakamako: babu wata siffa ta ɓarawo.

Tun kafin nan Alexandre Lacassagne na birnin Liyon a Faransa ya ja da Lombroso, ya ce mai laifi kamar ƙwayar cuta ne, sai ta sami mazauni take yaɗuwa. Wannan ya fi kama hankali. Duk wanda ya ga matashi a Jiratawa ba gona ba jari, ƴan uwa goma sun raba gado kowa ya tashi da taki kaɗan, ya san yunwa na tura mutum. Amma turawa take yi, ba ta ɗaure hannu. Gida ɗaya ne ke fitar da ɓarawo da liman. Malamanmu ma ba su taɓa karɓar "ƙaddara ce" a bakin ɓarawo ta zama uzuri ba.

Inda abin ya fi muni shi ne a ɗauki zargin daga mutum ɗaya a ɗora wa ƙabila. A watan Oktoba na 1991, a Toda, nan jiharmu ta Maradi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan Fulani fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Yau kuma, da masu satar mutane suka addabi iyakar Madarunfa da Gidan Rumji, irin kalaman sun dawo majalisun shayi: "Ai su a jininsu yake."

Mai sauraro, in ka ji an faɗi haka a majalisarku, ka tambayi mai maganar sunan wanda ya yi laifin, da abin da ya yi, da wanda ya gani.